Murya da Iko a Kafofin Watsa Labarai na Arewa: Nazarin Tafarkin Aikin Malam Mamman Daura

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar zaman fada a ƙasar Hausa, a Daura ne ko Katsina ko Kano, ya san cewa Sarki ba ya ɗaga murya. In baƙo ya faɗi ya yi gaisuwa, ba daga bakin Sarki yake jin amsa ba, fadawa ne za su ɗauka da ƙarfi su ce an gaishe shi. In kuwa akwai umurnin da ake so ya kai kunnen talakawa, to akwai sanƙira da mai shela waɗanda aikinsu ke nan. Watau tun asali Bahaushe ya raba abubuwa biyu waɗanda mai hange daga nesa zai zaci abu ɗaya ne: akwai mai murya, akwai kuma mai iko. Mai murya kowa ya san shi, har yara kan kwaikwayi maganarsa, amma matsayinsa a tsarin zaman jama'a bai taka kara ya karya ba. M. G. Smith, wanda ya wallafa littafi a kan sarautar Daura a 1978, ya nuna tun a rubuce-rubucensa na shekarun 1950 cewa maroƙa da makaɗa suna daga ƙasa-ƙasa a jerin sana'o'in Hausawa, duk da cewa sarauta ba ta yin armashi sai da su.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda wannan tsohon rabo ya sake ɓullowa a cikin kafofin da zamani ya kawo, watau jarida da rediyo da talabijin, da kuma abin da ya jawo wa harshen Hausa. Hanya mafi sauƙi ta yin haka ita ce a bi sawun mutum guda daga matakin farko zuwa na ƙarshe. An zaɓi Malam Mamman Daura ne domin ya ratsa kafofin nan uku duka: ya fara a matsayin ƙaramin ma'aikacin rediyo, ya zama edita sa'an nan manajan darekta na jaridar New Nigerian, daga baya kuma ya shugabanci hukumar gudanarwar gidan talabijin na ƙasa. Abin da jaridu suka yi ta faɗa game da shi a zamanin mulkin Muhammadu Buhari, tsakanin 2015 da 2023, wani zance ne dabam, kuma ba shi ne abin nazari a nan ba.

Daura da En'e

An haifi Mamman Daura a garin Daura ranar 9 ga Nuwamba, 1939, watau shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. A lokacin Sarki Abdurrahman ne ke kan gadon sarauta, wanda ya yi mulki daga 1911 har zuwa 1966. Mahaifinsa, Alhaji Dauda, wa ne ga Muhammadu Buhari. Saboda haka Buhari baffansa ne, ko da yake Mamman ya girme shi da shekara uku, abin da ba baƙo ba ne a manyan gidaje inda ake da mata fiye da ɗaya da 'ya'ya masu yawa. Ya yi elementare a Daura, ya wuce Midil ta Katsina, sa'an nan aka tura shi makarantar sakandare ta Okene a Lardin Kabba, inda ya gama a 1956. Daga nan ya koma gida ya kama aiki da En'e ta Daura.

Wannan mataki na En'e shi ne mafi yawan masu ba da tarihinsa sukan tsallake da jimla guda, alhali kuwa a nan ne ginshiƙin al'amarin yake. En'e ita ce gwamnatin da talaka ya sani. A hannunta baitulmali yake, da kotunan alƙalai, da 'yan doka, da gidan yari, da makarantun elementare, da karɓar haraji da jangali. Saurayin da ya shiga ofishinta da takardar sakandare yakan koyi abubuwan da ba a koyarwa a aji: yadda ake rubuta takarda ta yi ma'ana ba tare da ta ɓata wa na sama rai ba, da wanda ake fara gaisarwa in an shiga zaure, da lokacin da shiru ya fi magana amfani. Bugu da ƙari, malamin En'e yana tsaye ne a tsakanin harsuna biyu. Da Hausa yake hulɗa da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da Turanci kuma yake fuskantar Di'o da Razdan. Tun daga nan yakan gane cewa Hausa ita ce harshen da ake isar da umurni ga jama'a, Turanci kuwa shi ne harshen da ake yanke shawarar umurnin da shi. Wannan darasi shi zai sake tararwa a kowace kafa da ya shiga.

Rediyo: ƙofar da aka shiga aka fita

Rediyo ya shigo Arewa ne ta hanyar akwatunan nan masu waya da ake kafawa a gidaje da wuraren taruwar jama'a, waɗanda aka soma a Kano a 1944. A 1951 aka kafa sashen watsa labarai na gwamnati, wanda a watan Afrilun 1957 ya zama hukuma mai zaman kanta, watau NBC, da reshe a Kaduna. A watan Maris na wannan shekara ne kuma BBC ta buɗe sashen Hausa, inda aka fara jin muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, shi ma mutumin Lardin Katsina. A cikin wannan yanayi na sabon abu ne Mamman Daura ya bar En'e ya shiga NBC a ƙarshen shekarun 1950, a matsayin mataimaki wajen tsara shirye-shirye.

Bai daɗe a can ba. Tun daga 1954 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauki manufar mayar da aikin gwamnatin Jihar Arewa hannun 'yan Arewa, kuma babbar matsalarta ita ce ƙarancin masu digiri. Saboda haka duk saurayin da aka ga yana da kai, akan cire shi daga inda yake a tura shi karatu. Mamman Daura yana cikin waɗanda aka tura Turai, inda daga bisani ya shiga Kwalejin Trinity da ke Dublin a ƙasar Ailan, ya karanta ilmin tattalin arziki da sha'anin mulki tsakanin 1962 da 1968. A lura da abin da ya karanta. Ba aikin jarida ba ne, ba kuma aikin rediyo ba. A lokacin ma Jami'ar Nsukka ce kaɗai ta soma koyar da aikin jarida, a 1961, Arewa kuwa ba ta sami irin wannan sashe ba sai a ƙarshen shekarun 1970 a Jami'ar Bayero. Abin da gwamnati ke nema shi ne jami'an mulki.

A nan hanya ta rabu biyu. Waɗanda suka zauna a gidan rediyo suka ƙware, suka zama muryoyin da ake ji daga Daura har Damagaram, sun sami suna da farin jini. Waɗanda suka fita suka yo digiri kuwa, da suka dawo ba su koma bayan makirfon ba, sai aka ɗora su a kan waɗanda suka bari.

Kujerar edita

Kafin ya dawo, ƙasar da ya bari ta sake kama. An kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna a 1962. Ranar 1 ga Janairu, 1966 aka fara buga New Nigerian a Kaduna, a madadin Nigerian Citizen wadda Kamfanin Gaskiya ke bugawa a Zariya tun 1948. Mako biyu bayan haka sojoji suka kashe Sardauna. A 1967 aka rarraba Jihar Arewa zuwa jihohi shida, Daura ta faɗa cikin Jihar Arewa ta Tsakiya tare da Katsina da Zariya, kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Jaridar da gidan rediyon suka zama kayan gado na jihohin shida, a ƙarƙashin hukumar wucin gadi da aka kafa domin kula da abin da ba ya rabuwa. Mamman Daura ya fara aiki a ofishin gwamnan soja na Jihar Arewa ta Tsakiya, Abba Kyari (ba Abba Kyarin da ya zama shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa ya kuma rasu a 2020 ba), sa'an nan a 1969 aka naɗa shi editan New Nigerian, bai ma cika shekara talatin ba.

Wanda ya saba da tsarin jaridun Ingila, ko ma na Legas, zai yi mamakin wannan naɗi. A can edita yakan fara ne daga ɗauko rahoton kotu da na kasuwa, ya yi shekaru yana gyara labaran wasu da dare, kafin a ba shi jarida. Amma wanda ya gada ma ta hanyar nan ya zo. Malam Adamu Ciroma, mutumin Potiskum, tarihi ya karanta a Ibadan, kuma jami'in mulki ne lokacin da aka ɗauko shi a 1966 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe kujerar editan jaridar, a ƙarƙashin Baturen da ya kafa ta, Charles Sharp. Da Ciroma ya hau kujerar manajan darekta a 1969 sai Mamman Daura ya gaje shi. Da ya bar ta kuma, Mamman Daura ya sake gadonsa, Malam Turi Muhammadu ya zama edita. Inda Ciroma ya nufa bayan jarida shi ma abin lura ne: a 1975 ya zama gwamnan Babban Bankin Nijeriya, daga baya minista. Ke nan kujerar edita zango ce a kan hanyar mulki, kamar yadda ofishin Di'o ko na babban sakatare yake zango.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. An kafa New Nigerian ne domin Arewa ta sami bakin mayar da martani ga jaridun Legas da Ibadan, waɗanda shugabannin Arewa ke ganin ba sa yi musu adalci. Abin da masu jaridar ke bukata daga edita shi ne ya san zuciyar manyan Arewa, ya san yadda gwamnati ke aiki daga ciki, ya kuma iya rubuta sharhin da za a karanta a barikin Dodan a tsaya a yi tunani. Tsara shafi da gyaran labari akwai ƙwararru a ƙarƙashinsa da za su yi. Shi ya sa ƙarfin jaridar ya taru a sharhinta, wanda take bugawa a shafin farko, da kuma filin nan na Candido, wanda ba a taɓa sa sunan marubucinsa ba. Sharhi ba shi da sa hannu, Candido yana sanye da abin rufe fuska. Da wuya a sami misalin da ya fi wannan dacewa da tsarin fada: magana tana fita da nauyi, mai maganar kuwa ba a ganinsa.

Lalle wannan tsari ya yi amfani, kuma rashin adalci ne a musa. Editan da ya yi makaranta ɗaya da manyan sakatarori da hafsoshin soja ba ya jin tsoronsu kamar yadda ɗan rahoto zai ji, domin tsaransa ne. Wannan ya ba New Nigerian ƙarfin halin da ba a saba gani ba a jaridar gwamnati, har ta yi suna wajen faɗa wa gwamnatin Yakubu Gowon gaskiya. Amma fa faɗan na cikin gida ne. Jaridar takan soki minista ko gwamna a kan ya kauce wa hanya, ba ta cika tambayar ko hanyar ita kanta daidai take ba, irin tambayar da Malam Aminu Kano da mutanen NEPU suka yi ta yi tun shekarun 1950. Daga wannan kusanci na editoci da jami'an mulki da 'yan kasuwa ne aka sami laƙabin nan na Kaduna Mafia, wanda har Bala Takaya da Sonni Tyoden suka fitar da littafi mai wannan suna a 1987. Ko an yarda da laƙabin ko ba a yarda ba, abin da ya haife shi gaskiya ne: mutanen da ke rubuta sharhi da waɗanda ake yi wa sharhin daga tukunya ɗaya suka fito.

A 1975 gwamnatin Murtala Muhammed ta karɓe New Nigerian gaba ɗaya, ta kuma sayi kashi 60 cikin ɗari na Daily Times. Ba a daɗe ba Mamman Daura ya bar kamfanin ya shiga harkar masana'antu da banki a Kaduna.

Ina matsayin Hausa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar masu nazarin harshe. Kamfanin New Nigerian ba jaridar Turanci kaɗai yake bugawa ba. Tun 1966 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashinsa. Ke nan manajan darekta shi ne uban gidan editan Gaskiya, shi ke yanke yawan shafukanta da yawan ma'aikatanta da ranakun fitowarta. Amma in aka duba mutum huɗu na farko da suka riƙe wannan kujera, Sharp da Ciroma da Mamman Daura da Turi Muhammadu, babu ko ɗaya da ya hau daga teburin Gaskiya. Jaridar Turanci kullum take fitowa, ta Hausa kuwa sai wasu ranaku a mako, alhali masu jin Hausa a Arewa sun ninka masu jin Turanci sau da yawa.

Abin bai fara daga kansu ba. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ɗin Katsina kafin Mamman Daura ya shige ta, ya riƙe editan Gaskiya kimanin shekara goma sha biyu daga 1939. Babu wanda ya kai shi tasiri a kan rubutacciyar Hausa ta zamani, kuma a 1943 yana cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila tare da Nnamdi Azikiwe. Duk da haka ragamar Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, a hannun Dokta Rupert East take. Imam ne mai murya, East ne mai iko. Da Turawa suka tafi, 'yan ƙasa suka hau kujerunsu, amma tsarin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne launin fatar mai zama a kujerar. Matakalar hawa ta ci gaba da zama ta Turanci.

Sakamakon haka ga harshen ya bayyana ta fuska biyu. Ta fuskar farko, labaran Hausa a jarida da rediyo sun zama fassara. Labari da Turanci yake isowa daga kamfanonin dillancin labarai ko daga ma'aikatar watsa labarai, edita ya tace shi da Turanci, sa'an nan a miƙa wa mai fassara, sau da yawa saura 'yan mintoci a shiga ɗakin watsawa. Daga wannan gaggawa ne aka sami jimlolin da kalmominsu Hausa ne amma ƙashin bayansu Turanci ne, waɗanda malaman makaranta har yanzu suke fama da su a rubutun ɗalibai. Ta fuska ta biyu kuwa, waɗannan masu fassara, waɗanda ba a ko ambaton sunayensu, su ne suka yaɗa mafi yawan kalmomin da Bahaushe yake tattauna duniyar yau da su: Majalisar Ɗinkin Duniya, juyin mulki, kasafin kuɗi, tsagaita wuta, ƙuri'ar raba gardama, mulkin farar hula. Hukumar Harshen Hausa da gwamnatin Arewa ta kafa a 1955 ta yi nata ƙoƙarin wajen tsara kalmomi, amma kalma ba ta zama ta jama'a sai an ji ta a rediyo safe da yamma. Aikin gina harshe mafi girma a wannan zamani an bar shi ga ma'aikatan da ke kan ƙananan matakan albashi, kuma hanyar da kowannensu zai sami ci gaba ita ce ya bar teburin Hausa.

Talabijin

Talabijin ya fara a Nijeriya ne a Ibadan, ranar 31 ga Oktoba, 1959. Na Kaduna ya biyo baya a 1962, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Da aka ƙirƙiro jihohi sai wasunsu suka kafa nasu, har na Jos ya riga kowa fara nuna hoto mai launi. A 1977 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 24, wadda ta tattara dukkan gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukuma guda, watau NTA.

Irin wannan hukuma tana da kai biyu, kuma wajibi ne a bambance su. Akwai babban darekta, wanda yake ofis kullum, yana kula da ma'aikata da na'urori da shirye-shirye. Akwai kuma hukumar gudanarwa, wadda gwamnati ke naɗawa daga waje, mai zama lokaci-lokaci domin amincewa da kasafin kuɗi da manyan naɗe-naɗe da manufar da za a bi. Babban darekta na farko, Vincent Maduka, injiniya ne wanda ya shiga gidan talabijin na Ibadan tun farkon shekarun 1960 ya hau mataki-mataki har ya shugabance shi. Wannan ita ce hanyar sana'a. Mamman Daura kuwa ta ɗaya ƙofar ya shigo: bayan ya bar jarida, an naɗa shi shugaban hukumar gudanarwar NTA. Saurayin da ya taɓa zama mataimaki a gidan rediyo ya dawo harkar watsa shirye-shirye daga can ƙololuwa, ba tare da ya bi matakan da ke tsakani ba, kuma ba tare da masu kallo sun san fuskarsa ba.

Su wa masu kallo suka sani? Sun san Samanja, watau Usman Baba Pategi, tsohon soja wanda wasansa na barikanci ya fito daga Kaduna. Sun san Ƙasimu Yero. Sun san Karkuzu daga Jos. Waɗannan su ne sanƙirorin sabon zamani, kuma su suka sa talaka ya tsaya a gaban akwatin. Amma shirye-shiryensu na tasha ne, ana nuna su a yankinsu. Abin da ake haɗa ƙasa duka a kansa, kamar labaran ƙarfe tara na dare, da Turanci ake yinsa. Shi kansa Ƙasimu Yero bai zama sananne a Legas da Inugu ba sai da ya fito a wasan Turanci na Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980. Ba za a ɗora wannan a wuyan shugaban hukuma guda ba, domin matsala ce ta tarayya mai harsuna da yawa. Tsarin mulkin 1979 ya ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci a matsayin harsunan da Majalisar Ƙasa za ta iya aiki da su in an yi tanadin da ya dace, tanadin da ba a yi ba. Gidan talabijin na ƙasa ya bi wannan sawu. Sai dai ya kamata a faɗa cewa 'yan Arewan da suka kai matsayin faɗa a ji a waɗannan hukumomi sun fi mayar da hankali ga kason Arewa na muƙamai da tashoshi fiye da kason Hausa na lokacin watsawa. Mai yiwuwa tarbiyyar En'e ce: harshen jama'a yana nan, ba ya bukatar a yi masa faɗa.

Abin da ya ɗan sassauta lamarin shi ne gidajen jihohi. Tsarin mulkin 1979 ya sake ba jihohi damar mallakar talabijin, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano, inda wasannin Hausa suka sami fili sosai. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, mutanen Daura suka sami rediyo da talabijin na jiharsu, ban da Rediyon Kaduna da BBC da tashoshin Nijar da suke kamawa saboda kusancin iyaka.

Juyawar matakala

Abin da manufar gwamnati ba ta yi ba, kasuwa ta yi. Doka mai lamba 38 ta 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa gidajen rediyo da talabijin. Mai gidan da ke rayuwa da kuɗin talla dole ya nemi inda jama'a suke, jama'ar Arewa kuwa da Hausa suke saurare. Freedom Radio ta fara a Kano a 2003, tashar Arewa24 mai watsa shirye-shirye da Hausa zalla ta fara a 2014. A daidai wannan lokaci New Nigerian, wadda aka mayar wa jihohin Arewa 19 a 2006, ta yi ta fama da rashin kuɗi har ta durƙushe, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta durƙushe tare da ita. A 2016 aka naɗa Mansur Liman, wanda ya yi aikinsa a sashen Hausa na BBC har ya shugabance shi, babban darektan gidan rediyon tarayya. Mutumin da ya yi suna a bayan makirfon da Hausa ya hau kujerar da a zamanin Ciroma da Mamman Daura sai jami'in mulki ko wanda ya ƙware da Turanci. Ko wannan sauyi ya gyara Hausar da ake ji a iska, wannan wata magana ce. Mai talla ba ya tambayar nahawu, kuma ingausar da ta cika wasu tashoshin FM ta fi fassarar da ta gabace ta muni.

Shi kuwa Malam Mamman Daura ya ci gaba da zama mutumin da ba a cika jin muryarsa ba, har a shekarun da sunansa ya fi yawo a jaridu. A watan Yulin 2020 ya yi wata gajeruwar hira da sashen Hausa na BBC, inda ya ce a ganinsa cancanta ya kamata a duba wajen zaɓen shugaban ƙasa, ba karɓa-karɓa tsakanin shiyyoyi ba. Kafin gari ya waye jaridun Turanci na Legas da Abuja sun fassara maganar sun sa ta a shafin farko, ƙungiyoyin Kudu suka yi ca. Sai da kakakin shugaban ƙasa, Malam Garba Shehu, wanda shi ma tsohon editan jaridar Triumph ne ta Kano, ya fitar da sanarwa cewa ra'ayin na mai shi ne ba na gwamnati ba, ya kuma ce hirar da Hausa aka yi ta, wajen juya ta zuwa Turanci ne ma'anar ta jirkice.